Wasiƙa daga Zariya: gwajin da na yi da wanda na bari

Tudun Wada, Zariya.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyin Ingila, ya yara, ya maigidan? Mu nan alhamdu lillahi, hazo ya fara sauka. Laulayin ya yi sauƙi, sai dai har yau in ana soya albasa barin gidan nake.

Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe. Kin ce tunda na haura shekara 37 kada in yi sake, in je a yi min gwajin jinin da aka yi miki, NIPT, wanda ke duba ko abin da ke ciki yana da larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita ta jinkirta girmansa da koyonsa, in kuɗi ne za ki turo. Allah ya bar zumunci. Na ƙi amsa miki ta waya ne don na san halinki, ba za ki bar ni in kai aya ba.

Da wuri na yanki katin awo, cikin yana sati 9. A benci ni kaɗai ce cikina shafe, har matar da ke kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, rakiya kika yo?" Kin san mu, ga kunya ga tsoron baki, sai ciki ya kai wata biyar ko shida ake zuwa awo. To a lokacin rabin zaɓin da kike magana a kai ya riga ya wuce. Sikanin ɗin da ake auna ruwan da ke ƙeyar ɗan tayi daga sati 11 zuwa ƙarshen sati 13 kawai ake yin sa. A haɗa shi da gwajin jinin uwa da shekarunta, sai a fitar da lissafi: 1 cikin kaza, na yiwuwar larurar Down. Kuma ba kowane shagon sikanin ke iyawa ba. Waɗanda suka cika gari, masu ce miki namiji ne ko mace, daban. Wannan sai na'ura mai kyau da wanda ya koyi awon. Likitar ce ta rubuta min inda zan je. Na yi, lissafin ya fito a ɓangaren da suke kira mai sauƙi, wato yiwuwar kaɗan ce.

Ban raina maganarki ta shekaru ba. Mai shekara 35 yiwuwar kusan 1 cikin 350 ce, mai 40 kusan 1 cikin 100. Na kuma yarda NIPT ya fi wanda aka yi min kaifi: daga sati 10 ake yin sa, ɓurɓushin ƙwayoyin halittar mabiyiya da ke yawo a jinin uwa yake dubawa, kuma a cikin 100 masu Down yana kama kusan 99. Amma shi ma nuni ne, ba hukunci ba; in ya yi nuni sai an yi gwajin allura an tabbatar. Ku can ma a asibitin gwamnati ai sai wadda lissafinta ya kai 1 cikin 150 ake yi wa kyauta. Mu nan ɗakin gwaji mai zaman kansa ne zai ɗebi jinin ya aika, a yi ta jira, kuɗin kuwa ya fi albashina na wata.

Kuma ko kyauta ne, ba shi ne ke hana ni barci ba. Kin manta ni AS ce, Malam ma AS? Lokacin aurenmu wa ke zancen jinotaif. Yanzu ne a Kano ma ya zama doka tun 2024. Kowane ciki nawa 1 cikin 4 ne ya zo da sikila, kuma ciki bai san abin da na gabansa ya yi ba. Ga ɗanmu nan da ita ya zo, shi ya sa Hajiya takan ce tunda an samu guda ai an fita. Na gaji da yi mata bayani, na koma cewa Allah ya sa. NIPT ɗin da aka saba yi ba ya amsa wannan tambayar. Abin da ke amsa ta shi ne a sa siririyar allura a tsinko ɗan abu daga mabiyiya tsakanin sati 11 da 14, ko a zuƙo ruwan da jaririn ke kwance ciki daga sati 15. Wannan kam amsa ce tsayayya, AA, AS ko SS. Yana da ɗan haɗarin ɓari, bai kai 1 cikin 100 ba, amma ba sifili ba ne.

Malam ya so a yi. Ya ce ya gaji da zaman zullumi, gara ya sani. Ban ga laifinsa ba, shi ke ɗaukar yaron nan a kafaɗa da tsakar dare in ciwon ƙashin ya tashi, shi ke yawon neman jini. Sai na tambaye shi: in aka ce SS ne, sai me? Ya yi shiru. Dokar da ke aiki a Arewa ba ta yarda a taɓa ciki ba sai don ceton ran uwa, malamanmu na Malikiyya kuma sun fi kowa tsanani a kan wannan. Ko babu waɗannan ma, ina kallon yaron yana ƙwallo a tsakar gida ranar da yake da lafiya, na san ba zan iya ba. Abin da za a yi wa mai sikila kuwa duk bayan haihuwa yake farawa: a gwada jininsa da wuri, a ɗora shi a kan penisilin kafin wata 3, rigakafi kada a tsallake ko ɗaya, gidan sauro, ruwa. Sanin da zan yi a sati 12 ba zai ƙara ko ɗaya a kai ba, sai dai in ɗauki watanni ina kuka. Wata macen sanin ne zai kwantar mata da hankali, kuma ba zan ce ta yi kuskure ba. Ni dai na san kaina.

Wanda ba zan bari ya wuce ni ba shi ne babban sikanin na wajen sati 20, wanda ake duba zuciya da ƙashin baya da ƙoda da inda mabiyiya ta zauna. Shi zai canza wani abu, domin in an ga matsala ba zan haihu a ƙaramin asibitin unguwa ba, Shika za mu nufa, asibitin koyarwa, inda likitocin jarirai suke. Ki tuna kusan rabin yaran da ke da Down da matsalar zuciya suke zuwa, ke nan ko ta wannan fuskar ban rufe ido gaba ɗaya ba.

Sauran ƙananan gwaje-gwajen da ba wanda ke ɗoki a kansu duk na yi: yawan jini, rukunin jini, fitsari, HIV, ciwon hanta, sifilis. Jinin ya ɗan yi ƙasa, an ba ni maganin ƙarin jini, an ce da zaran na shiga wata na huɗu za a fara ba ni fansida saboda zazzaɓin cizon sauro. Matanmu zubar jini da jijjiga ke ɗauke su, kin fi ni sani, a kan idonmu aka yi ta ƙanwar maƙwabciyarku a Ƙofar Doka.

Don haka ki riƙe kuɗinki. In kin matsa sai kin yi wani abu, ki saya min na'urar awon hawan jini saboda jijjigar nan, irin ta damtse ba ta tsintsiyar hannu ba, ki ba wa duk mai tahowa. Kuma don Allah kada ki yi suɓul da baka a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, ko Hajiya ban gaya wa ba tukuna.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum.