Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ƙaramar Ministar Ilimi: a gwada koyar da lissafi ta hanyar aiki a ajujuwanmu kafin a sayo na'urori

Mai girma Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad,
Ƙaramar Ministar Ilimi ta Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranki ya daɗe, ni malamin firamare ne, ina koyar da lissafi daga aji huɗu zuwa shida. Ke na zaɓa na rubuto wa saboda daga bakinki muka ji labarin sabuwar manhajar 2025 wadda ta rage wa yara yawan darussa, kuma ke malama ce tun kafin ki zama minista. Kin san aji.

Abubuwa biyu ne yanzu ba sa faɗuwa daga bakin masu shirya mana bita. Na farko, a koyar da yara ta hanyar ba su wani aiki na gaske da za su ɗauki makonni suna yi, lissafin ya fito daga cikin aikin. Na biyu, a buɗe wa kowane yaro taska a waya ko kwamfuta, a riƙa ajiye ayyukansa a ciki. Ina son dukansu, kuma na gwada na farkon gwargwadon hali. Roƙona shi ne kada su zama umarni a takarda, ko kwangilar sayen na'urori, sai an bincika su a irin ajujuwanmu, an ga abin da suke haifarwa.

Ga dalilin da ya sa nake ganin akwai alheri a ciki. Kowane malami a Arewa ya san yarinyar da ke tallan gyaɗa ko awara. Ka miƙa mata naira dubu ka sayi na 350, kafin ka rufe baki ta ba ka canjinka cif. Washegari ka rubuta mata 1000 a ɗebe 350 a allo, sai ta tsaya tana kallonka, ko ta rikice wajen aro. Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. Tun a 1985 masu bincike a birnin Recife na Brazil suka gwada yara masu sayar da kaya a titi: a bakin ciniki sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 daidai, da aka ba su lambobin tsura a takarda sai suka faɗo kusan kashi 37. A 2025 kuma mujallar Nature ta buga binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019, suka yi tare da abokan aikinsu kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Yaran kasuwa gwanaye ne a lissafin ciniki amma sun gaza a na littafi. 'Yan makarantar da ba sa zuwa kasuwa kuwa suna cin na littafi, amma da an sa su gaban ciniki sai su kasa. Wato lissafin gida da na aji suna zaune a kan yaro ɗaya ba tare da sun gaisa ba.

Aikin da aka tsara da kyau shi ne zai iya haɗa su. A tura 'yan aji biyar su gano ko mudun unguwarsu da na kasuwar ƙauyen da ke kusa ɗaya ne. Su auna da gwangwanin madara, su rubuta, su ƙirga mudu nawa ke cika buhu, su lissafa ribar wanda ya saro hatsi a Dawanau ya kawo Maigatari bayan an cire kuɗin mota da na dako. Ko su auna katangar makarantar da ta rushe, su faɗi bulo nawa za ta ci. Ko su yi adashe da takardu a matsayin kuɗi, su ga abin da kowa zai kwasa da ranar da zai kwasa. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da awo duk suna ciki, kuma uwar yaron da ba ta taɓa shiga aji ba tana da abin da za ta koya masa a kai.

Amma, ranki ya daɗe, ba kowane aiki ne ke zama darasi ba. Yara za su iya yin mako uku suna yanka kwali suna gina shago, su ji daɗi, a ɗauke su hoto, a ƙarshe babu wanda ya iya raba 144 gida 6. Binciken da aka yi a waje ma bai zo da murya ɗaya ba. A jihar Michigan ta Amurka, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna 'yan aji uku da aka koya wa kimiyya ta wannan hanya sun fi takwarorinsu, sai dai an ba malamansu horo da kayan aiki da tsararrun darussa. A Ingila kuwa, gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2016 kan 'yan shekarar farko ta sakandare bai nuna ci gaba a karatu da rubutu ba, makarantu da dama ma suka janye kafin a gama. Ɗaya kan kimiyya ne, ɗaya kan karatu, kuma babu wanda aka yi a ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa gaban malami guda. Amsar ajinmu sai mu da kanmu mu nemo ta.

Batun taska kuwa, amfaninta a fili yake. Makin da muke cikawa a ƙarshen zango yana cewa yaro ya ci 12 cikin 30, amma ba ya faɗin inda ya ɓata. Hoton shafin da ya yi aikin da hannunsa yana faɗi. Idan malamin aji biyar ya buɗe ya ga tun aji huɗu yaron ke mantawa da aro, ya san daga inda zai fara. Har muryar yaro ana iya ɗauka na minti ɗaya yana bayanin yadda ya samu amsa, da harshen da ya fi iyawa. Wannan ba ya buƙatar a ba kowane yaro kwamfuta. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci ga 'yan firamare, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙari a lissafi ko karatu ba. Wayar malami guda da jakar takarda ga kowane yaro sun isa a fara. Abin da za a auna shi ne minti nawa wannan zai ci wa malami a mako, wa zai biya kuɗin data da caji, kuma ina hotunan za su koma idan aka yi masa canjin wurin aiki. Sannan waɗannan bayanan yara ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye, kuma a garuruwanmu hoton 'ya mace ba abin wasa ba ne. A ɗauki shafin, a bar fuskar.

Muna da abin koyi a gida. Shirin KaLMA na ƙarfafa karatu da lissafin yara da aka yi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano ya fara ne da gwada kowane yaro, aka raba su rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, aka sake gwada su daga baya. Irin wannan tsari nake roƙo. Ki umarci hukumar tsara manhaja ta ƙasa (NERDC) da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) su haɗa kai da hukumomin ilimin bai-ɗaya (SUBEB) na wasu jihohi kaɗan, a zaɓi makarantu ta hanyar ƙuri'a, na birni da na karkara, masu cunkoso da marasa shi. Wasu su yi ayyukan, wasu su yi ayyukan tare da taska, wasu su ci gaba yadda suke. A gwada yaran kafin a fara da bayan shekara guda, a lissafin littafi da na kasuwa duka biyu, kuma a duba ko yaran da suke can baya sun motsa, ba zaƙaƙuran gaba kaɗai ba.

Masu binciken kuma kada a ɗauko su daga nesa. Kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu cike suke da malamai da ɗalibai masu neman abin da za su yi nazari a kai, kuma a kowace shekara suna tura ɗalibai koyon aikin koyarwa zuwa makarantunmu. A sa su a ciki, a sa mu ma malaman aji cikin masu tsara ayyukan, domin mu muka san abin da zai yiwu cikin minti talatin da biyar. Idan sakamako ya fito, mai daɗi ne ko akasin haka, a wallafa shi a fili, har da Hausa da sauran harsunanmu, yadda shugaban makaranta da kwamitin iyaye za su iya karantawa.

Ina roƙon a sa kuɗin wannan gwaji a kasafin shekara mai zuwa, kuma a dakatar da duk wani babban sayen na'urori da sunan wannan tsari har sai rahoton ya zo teburinki.

Allah ya yi miki jagora, ya taimake ki a kan wannan amana.

Wassalam.
Naki,
Wani malamin lissafi a makarantar firamare ta gwamnati.