Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kan Littattafan da Aka Daina Bugawa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan wata rigima da ke ci kamar wutar ƙaiƙayi tsakanin marubuta da kamfanonin ɗab'i, wato yadda marubuci zai karɓi littafinsa idan kamfani ya daina buga shi.

A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. To matashi ɗan shekara 30 da ya sa hannu cewa ya ba kamfani littafinsa har ƙarewar haƙƙi, in ya rayu zuwa 70, ya ba da shekara 110 ke nan. Da yawa ba su san abin da suka sa wa hannu ba, domin takardar da Turanci take, su kuma ɗokin ganin sunansu a bango ya rufe musu ido.

Tsofaffin yarjejeniyoyi kan ce haƙƙi zai koma ga marubuci idan littafi ya ƙare a kasuwa. A da wannan sharaɗi yana da haƙora: kwafi sun ƙare a sito, ko kamfani ya sake kashe kuɗin takarda da farantin buga littafi, ko ya saki. Yau kuwa ana iya buga kwafi goma da injin zamani, ko a ɗora littafin a intanet, a ce ai yana kasuwa. Riƙewar ba ta ci wa kamfani ko sisi, don haka babu abin da zai sa ya saki. Sai ranar da littafin ya shiga manhajar jarrabawar WAEC ko NECO, ko mai shirya fim ya nuna sha'awa, ko wata tasha a YouTube ta fara karanta shi, sannan kowa ya zaro takardarsa.

A duba lissafin. A ce littafi naira 2,000 ne, ladan marubuci kashi 10 cikin 100. In a kan farashin bango ne, yana da 200 a kowane kwafi. In a kan abin da ya shigo hannun kamfani ne bayan dila ya cire kashi 30, ya koma 140. Kwafi 300 a shekara ya ba shi 42,000. Shari'ar haƙƙin mallaka kuwa Babbar Kotun Tarayya ce ke jin ta, kuma wannan kuɗi ba zai ɗauki lauya ba. Kamfani ya san haka, shi ya sa wasiƙun marubuci kan kwana a aljihun tebur ba amsa.

Mu faɗi gaskiya, shi ma mai ɗab'i yana da hujja. Ya biya edita da mai tsara shafuka da mai zanen bango, ya sayi takarda da farashin dala, wataƙila kwali hamsin na jibge a sito. Marubucin da ya tsinke igiya da rana tsaka ya kai littafin wani wuri ya bar shi da asara.

Wasu ƙasashe sun yanka wa matsalar wa'adi. A Amurka, dokar 1976 ta ba marubuci damar soke miƙa haƙƙi bayan shekara 35, in ya ba da sanarwa shekara 2 zuwa 10 kafin lokacin. Tarayyar Turai a 2019 ta wajabta ba marubuci lissafin ciniki aƙalla sau ɗaya a shekara, da damar janye izini idan an ajiye aikinsa ba a amfani da shi. Tsarin Turai ya fi dacewa da mu, domin shekara 35 ta yi wa marubucin Kano ko Zariya nisa.

Roƙonmu, Yallaɓai, hukumarka ta fitar da samfurin yarjejeniya, da Hausa da sauran harsunanmu. A ciki a auna kasancewar littafi a kasuwa da adadin ciniki: in ya gaza, misali, kwafi 100 cikin wata 12, marubuci ya rubuto, kamfani ya sami wata tara ya sake bugawa ko ya saki. Bayan rabuwa a ba kamfani wata shida ya sayar da ragowar kaya, yana biyan lada, kuma marubuci ne farkon wanda za a yi wa tayin ragowar da shafukan da aka tsara, a kan kuɗin da aka kashe. Haƙƙin fim da na karantawa a rediyo da na fassara a rubuta kowanne daban, kada kalma ɗaya ta haɗiye su. Izinin da kamfani ya riga ya ba wani kuma a fayyace wanda zai riƙa karɓar kuɗinsa bayan rabuwa, don a nan ake yawan komawa faɗa.

Doka ta riga ta ɗora wa masu ɗab'i ajiye rajistar adadin abin da suka buga, ta kuma ba hukumarka ikon kafa kwamitin sasanta rikicin lada da sharuɗɗan izini. Muna roƙo a ba marubuci damar ganin shafin da ya shafi littafinsa a wannan rajista, kwamitin kuma ya riƙa zama a Kano da Kaduna, a saurari mai ƙorafi da harshen da ya rubuta littafinsa.

Mu ne naka,
Wasu marubuta da editocin littattafan Hausa