Hajiya, 'yan TikTok sun fi ni sanin ɗan farina

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na wannan fili. Na daɗe ina sauraron shirinki, yawanci hannuna na cikin ƙullun waina nake jin sa, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana tawa damuwar za a karanta ba. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Legas shekara 18 ke nan. Muna zaune a Zangon Agege, ciki da falo, a gidan haya irin na nan mai ɗakuna suna kallon juna. Maƙwabtanmu rabi Hausawa, rabi Yarbawa. Maigidana dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba, daga sallar asuba ya fita sai bayan isha'i. Ni kuma ina suyar waina da safe, awara da yamma, a ƙofar gida. 'Ya'yanmu huɗu. A kan babban nake rubuto miki, shekararsa 16, yana aji biyar na sakandare.

Bara babansa ya saya masa waya ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, saboda malamansu sun koma turo aikin gida ta WhatsApp. Abin da ya fara jan hankalina kuɗin data ne. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, kowa ya tsuke hannu, amma shi kullum akwai data a wayarsa. Ashe kuɗin motar makaranta yake tarawa, ya taka da ƙafa.

Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya hana ni barci, na fito falo neman ruwa wajen ƙarfe biyu. Ƙannensa sun yi ɗaiɗai a tabarma. Shi kuwa yana cikin gidan sauro, ya dunƙule, hasken waya ya haske masa fuska, yana dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Na tsaya a bayansa ya fi minti goma bai san da ni ba. Babban yatsansa ne kaɗai ke aiki: ya tura sama, wani ya fito, ya tura, wata ta fito. Hajiya, faɗa na fito da niyyar yi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne na manta rabon da in ga yaron nan yana dariya irin wannan a gabanmu.

Washegari na ce ya nuna mini abin da yake kallo. Ya ɗauka tarko ne, sai da na rantse. Na farko wani baƙin saurayi ne wai shi Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya. Ba ya cewa uffan. Sai ya ga wani ya wahalar da kansa a kan abu mai sauƙi, shi kuma ya yi abin a sauƙaƙe, ya ware hannuwa yana kallonka. Yaron ya haddace tarihinsa kamar karatun allo: leburan masana'anta ne, aka sallame shi a 2020 lokacin korona, ya koma ɗakin iyayensa yana ɗaukar bidiyo, zuwa 2022 babu wanda ya kai shi mabiya a TikTok duk duniya. Ya ƙara da cewa, "Kuma Musulmi ne, Umma," don ya san ta inda zai kama ni. Sai wani Ba'amurke, MrBeast, wanda ya fi kowa mabiya a YouTube, mai raba kuɗi kamar ba ya so, har ya nuna mini inda ya gina rijiyoyi 100 a ƙasashen Afirka. Sai na gida: Mark Angel na Fatakwal da yarinyar nan Emmanuella da ta fara tun tana 'yar mitsitsiya, da Taaooma mai fitowa ita ce uwa ita ce 'ya, uwar kuma ba ta da aiki sai mari. Wannan kam na yi dariya har da hawaye, don sak Iyar da ke ɗakin da ke kallon namu.

Na Hausa su ne suka fi yawa, kuma a nan ne hatsi ya haɗu da tsakuwa. Akwai samari masu barkwanci mai tsabta, akwai masu koyar da gyaran waya da ɗinki, akwai gutsattsarin wa'azin malamai. Kana cikin jin aya, da ka tura sama sai ga wata ta cika baki da ashar tana habaici da wata, ko wasu sun zauna kai-tsaye suna roƙon a jefo musu kyauta, wannan ya ce a turo hoton fure, wancan ya ce a turo hoton zaki. Wai abubuwan da kuɗi ake sayen su, kamfani ya yanki kasonsa, saura ya shiga aljihunsu. A garinmu maroƙi ma yana da ubangidan da yake yi wa, waɗannan kowa suke roƙo.

Akwai wani maƙwabcinmu mai gyaran waya, na tambaye shi yadda aka yi abin bai ƙarewa. Ya ce manhajar tana lura da kai ne. Bidiyon da ka tsaya a kansa, wanda ka maimaita, wanda ka wuce da sauri, duk tana ƙirgawa, sai ta riƙa kawo maka irin wanda ya riƙe ka. Ba sai ka bi kowa ba. Shi ya sa, in ji shi, yaron da babu wanda ya san shi zai iya kwana ya tashi dubbai sun kalle shi, shi ya sa kuma kowane yaro yake ganin gobe tasa ce. Na ce to ai wannan caca ce. Ya yi dariya ya ce ni na faɗa. Mu da muna yara, wasan kwaikwayon talabijin a gidan maƙwabta muke kallo, sau ɗaya a mako, in ya ƙare a kashe, kowa ya kama gabansa. Wannan ba shi da ranar ƙarewa, kuma ya san abin da ɗana yake so fiye da yadda na sani.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san al'adarmu game da ɗan fari. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai," nake cewa, ko "wannan yaron." Ban taɓa zama hira da shi ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in ya yi abin kirki sai in kau da kai. Da a gida muke, da kakarsa ce za ta ɗauke shi, ita za ta yi masa wasa, ta ji cikinsa, ga kawunnai ga gwaggwanni. A nan babu ko ɗaya. Na riƙe kunyar, amma waɗanda ake yin kunyar don su cike gurbin suna can nisan tafiyar kwana da yini.

Ranar da na daure na tambaye shi me yake samu a wurin mutanen nan, ya daɗe yana wasa da bakin tabarma, sannan ya ce, "Umma, su da ni suke magana." Na ce ta yaya, mutanen da ba su san kana duniya ba? Ya ce suna kallon cikin idonsa, suna ba da labarin ranar da suka kwana da yunwa, da ranar da aka yi musu dariya, kuma akwai wani ɗan Kano mai barkwanci da ya taɓa amsa masa tsokaci, har ya ambaci sunansa. Ya ajiye hoton amsar, ya nuna mini. Sunan da ni ban taɓa furtawa ba.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce a makaranta shi "Aboki" ne, ko sunansa wasu ba su riƙe ba, alhali a nan aka haife shi, Yarbancinsa ya fi na wasunsu. In mun je Funtuwa da sallah kuma 'yan uwa su ce ga Bayarabe ya zo, su yi ta kwaikwayon Hausarsa. Ya ce a waya ne kaɗai ya ga inda wannan gaurayen nasa yake da daraja, wanda ya iya juya harshe uku shi ne gwani. Ban sami abin cewa ba, sai na tashi na ce awarata za ta ƙone.

Ban sani ba ashe shi ma ya fara. Wata safiyar Asabar yana taya ni miƙa waina, ya jingina wayar a jikin bokiti. Hannuwana kaɗai suka fito, da tanda, da ludayi. Shi ne yake ciniki da wata Iya da Yarbanci, ya juyo ya fassara mini da Hausa amma ya karkatar da maganar, ita tana cewa miyar ta yi yaji, shi yana ce mini wai ta ce a ƙara mata barkono, sannan ya kalli wayar ya yi wa masu kallo bayani da Turancin buroka. Abin ya bazu. A Islamiyya na fara ji, matan suna ta "Maman wane, ashe kin zama 'yar fim." Kafin mako ya zagayo abokan babansa a abbatuwa sun nuna masa.

Bai daki yaron ba, da ma ba mai duka ba ne. Ya karɓi wayar, ya kulle a akwati, ya ce shi bai haifi ɗan kama ba, kuma matarsa ba abin nunawa a kasuwar duniya ba ce. Ya ce da an yi hutun ƙarshen zango zai sa shi a mota zuwa wurin yayana a Funtuwa, ya ƙarasa makaranta a can, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai na san can ma akwai waya. Masu abin da ya fi tayar mini da hankali ma yawancinsu daga Arewa suke ɗorawa, har Hisbar Kano ta sha kama wasu.

Kada ki ɗauka ina kare yaron ne. Sakamakonsa na zangon da ya wuce ya ja baya, malamin lissafi ya ce yana gyangyaɗi a aji. Haddarsa ta tsaya cak, malamin Islamiyya ya turo mini saƙo sau biyu. Ba ya iya zaman minti goma da littafi sai ya fara mutsu-mutsu. Ya fara cewa masu digiri ma suna jan Keke Napep a Pen Cinema, me zai yi da JAMB, jarrabawar shiga jami'a. Na ce ya gaya mini nawa ya taɓa samu. Ko sisi. Da bakinsa ya ce YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000, an kuma kalli bidiyoyinsa na awa 4,000 cikin shekara guda, TikTok kuma sai mai shekara 18 take bari ya yi kai-tsaye. Na ce to cikin duk masu jingina waya a jikin bokiti a Agege nawa ne suka kai? Ya yi shiru. Wanda ya faɗi ai ba a nuno shi, mai sabuwar mota kaɗai ake gani, kuma ba kowace motar ba ce aka san inda kuɗinta ya fito. A garin nan da 'yan damfarar intanet suke neman yara masu wayo, wannan yana hana ni barci. Ga kuma baki. Ban manta ba a 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne saboda bidiyon da suka yi wa gwamna shaguɓe. Na ji a rediyo cewa Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga irin waɗannan shafuka, Indiya kuwa tun 2020 ta rufe TikTok. Ashe ba mu kaɗai abin ya dama ba.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa maigidana ba. Bayan bidiyon nan, mata uku sun zo tun daga Ogba suna tambayar mai wainar da suka gani, ɗaya ma ta ba ni aikin suna. Kuma na sa ƙanwata ta turo mini shi, na kalla ya fi sau ashirin. Yaron ya iya, Hajiya. Ya san inda zai yi shiru, ya san inda zai saki magana. Ban san yana da wannan baiwar ba, bare ne suka riga ni gani.

Yau mako uku ke nan. Yana gaishe mu, yana cin abinci, yana zuwa aike, amma ya zama kamar baƙo. Ƙaninsa ya tsegunta mini cewa yana zuwa shagon caji ya ari wayar abokai, ke nan yanzu ma ban san abin da yake kallo ba.

Ki ba ni shawara. In mayar da shi Arewa ne gyara, yaya zan yi da zuciyata, in kuma ba shi ba ne, da wane baki zan tunkari babansa ba tare da ya ga na goyi bayan ɗa a kansa ba? Akwai hanyar da za a bar yaro ya gwada wannan abu da sharaɗi, a ce ga lokaci, ga abin da ba a ɗauka, ga sakamakon da za a kawo daga makaranta, ko kuwa wanda ya buɗe ƙofar nan ba ya iya rufe ta? Sannan ni kaina, bayan shekara 16 ina kau da kai, ta ina uwa take fara hira da ɗan farinta ba tare da abin ya zame mana abin kunya mu biyun ba?

Hutu saura mako biyar. Makullin akwatin yana hannuna, babansa ni ya ba ajiya, yana nan ƙulle a bakin zanena. Yaron ya sani, kuma har yau bai tambaye ni ba.

Wassalam,
Taki mai sauraro,
Wata uwa daga Agege, Legas