Tsinken da ke kan aku ba ƙwarkwata ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu kiwon aku a birnin Kano tun kafin hunturu ya kankama. Na san wani zai ce ana ta abin da za a kai bakin salati, wa ke ta tsuntsu? To amma rai ne, kuma mu muka sa shi a keji, haƙƙinsa yana wuyanmu. Duk mun san hadisin matar nan da ta ɗaure kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Makon jiya na je duba wani abokina a Fagge, na tarar da akunsa a zaure. Kansa da wuyansa duk wasu fararen tsinkaye ne a tsaitsaye kamar bayan bushiya, yana ta goga ƙeya a jikin ƙarfen keji. Yaron gidan ya ce min wai ƙwarkwata ce, har an aika a sayo maganin feshin sauro. Na ce don girman Allah kada a fesa masa, domin feshin na iya kashe shi a ranar. Tun da na dawo gida abin yake damuna, saboda ni ma na taɓa yin kuskure makamancin wannan.

Akun gidanmu irin mai ruwan toka ne da jan bindi, na gaje shi wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kullum bayan la'asar Baba yakan zauna a kan buzunsa, akun ya sauko ya hau gwiwarsa ya sunkuyar da kai, shi kuma ya yi ta murza masa ƙeya da yatsu biyu yana lazimi. Ni a lokacin wasa na ɗauke shi. Da Baba ya rasu babu wanda ya ci gaba da yi, don akun yana cizo, kuma cizonsa ba na wasa ba ne. Ba a yi wata huɗu ba kansa ya cika da tsinkayen nan, ya rage magana, ya fara cisgar gashin ƙirjinsa. Wata rana na sa aka riƙe min shi da tawul, na ɗauki matsefata na ja guda ɗaya a kafaɗar fiffikensa. Ya karye a hannuna. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta ba, jini kuwa ya yi ta ɗiga a kan tawul ɗin ya ƙi tsayawa. Uwargida ce ta ɗebo garin masara ta danna a wurin da yatsa, ta riƙe har ya tsaya. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Washegari na kai shi wurin wani likitan dabbobi wanda yawancin aikinsa a kan kaji ne. Ya duba shi, ya ce, "Malam, me yake ci?" Na ce, "Gyaɗa, likita, sai ɗan tuwo da ragowar shinkafa." Ya ce, "Yaushe rabonsa da wanka?" Na yi shiru. A ranar na fara sanin abin da nake kiwo.

Tsinken nan sabon gashi ne. Gashin tsuntsu ba ya fitowa a buɗe, a nannaɗe yake fitowa cikin wani siririn kube, kamar wuƙa a gidanta. Kuben da gashin duk abu ɗaya aka yi su da shi, wato keratin, irin na farcenmu da ƙahon sa. Muddin gashin yana girma akwai jini a cikin gindinsa, shi ya sa za ka ga ƙasan tsinken ya yi duhu ko ja-ja. In ya gama girma sai jinin ya janye, kuben ya bushe ya yi fari, tsuntsun ya sa baki ya murƙushe shi, ya zube kamar amosani, gashin ya baje. Wanda na ja ɗanye ne, shi ya sa ya yi jini. Kuma jinin aku ba shi da yawa: tsuntsun duka bai fi giram 400 zuwa 500 ba, jininsa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne, wato kamar babban cokali uku. Wanda duk jininsa cokali uku ne, ai ɗigo ma asara ce.

Aku yana iya gyara ko'ina a jikinsa da baki, ban da kansa da ƙeyarsa. A dazuzzukan da ya fito, can kudancin ƙasar nan da Kamaru da Kongo, ba ya zama shi kaɗai. Garke suke yi, kowane da abokin zamansa, wannan ya gyara wa wancan kai, wancan ya gyara wa wannan. Mu kuma mun ɗauko guda ɗaya mun rataye a zaure. Ashe aikin abokin zaman nan Baba yake yi masa duk la'asar, ban sani ba sai da ƙasa ta rufe idonsa.

Sai maganar abinci, wadda ita ce tushen abin. Mu Kanawa da gyaɗa sai Allah, garin dalar gyaɗa ne, kuma aku yana son ta kamar me. Amma gyaɗa mai ne ya fi yawa a cikinta, ba ta da bitamin A, kalsiyam ɗinta kuma kaɗan ne. Tsuntsun da ba ya samun bitamin A fatarsa bushewa take yi, gashinsa ya dushe, kuben ya yi tauri ya ƙi fashewa, hancinsa ya riƙa toshewa. Irin wannan aku mai jan bindi kuma an san shi da saurin ƙarancin kalsiyam, har ya kai ga faɗowa daga kan sanda yana karkarwa, mutanen gida su ce iska ce ta taɓa shi. Akwai kuma haɗarin gyaɗar da ta sha danshi ta yi funfuna, domin tana ɗauke da gubar da ake kira afilatoksin mai lalata hanta. A Ingila aka gano gubar nan bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a shekarar 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai funfuna. Mu kuwa sau da yawa gyaɗar da muka tsince muka ƙi ci ita muke watsa wa tsuntsu.

A daji babban abincinsa jar kwakwar manja ce da 'ya'yan itatuwa iri-iri. Ba sai mun je kudu ba, abin da yake bukata yana 'Yan Kaba da 'Yan Lemo da Kasuwar Rimi: karas, kabewa, dankalin Hausa dafaffe, jan tattasai, gwanda, mangwaro a lokacinsa, ganyen zogale da alayyafo da aka wanke sosai. Ina jiƙa masa gero da dawa, ina ba shi wake wanda ya dahu luguf, domin ɗanyen wake yana cutarwa. Sau biyu a mako yana samun ɗan dafaffen ƙwai, har da ɓawonsa a dake, tunda gashi abinci mai gina jiki yake nema kafin ya tsiro. In na shiga Sabon Gari na ga kwakwar manja sai in sayo masa kaɗan. Ranar da na fara miƙa masa ita, ya karɓa da ƙafa ɗaya, ya jujjuya ta, ya ɓare ta sarai kamar jiya ya baro daji.

Kada wani ya zaci sauyin nan yana da sauƙi. Sati uku yana wurgi da karas ta ƙofar keji. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in ba shi sabon abincin da sassafe yana jin yunwa, in zauna a gabansa ina ci yana kallo, domin aku abin da ya ga ana ci shi yake sha'awa. Ban taɓa hora shi da yunwa ba, kuma ina roƙon kada kowa ya yi. Gyaɗa ta koma ƙwaya uku ko huɗu a rana, masu kyau, a matsayin tukuici.

Abubuwan da ba ya ci ko kaɗan su ne fiya mai ƙaton ƙwallon nan, wadda guba ce ga tsuntsu, da cakulan, da albasa, da duk abin da aka sa wa gishiri da magi. Sai goro. Dattawanmu suna son gutsura wa aku goro don ƙauna, amma sinadarin nan mai hana barci da ke cikinsa, wanda ke cikin kofi da shayi, yana taɓa zuciyar tsuntsu.

Wanka ma magani ne. Tsuntsun dajin da ake ruwa kusan kullum mun kawo shi garin da daga Nuwamba zuwa Fabrairu leɓe ke tsagewa, diddige ya yi kaushi. In mu muna neman man shafawa, shi fa? Ina fesa masa tsabtataccen ruwa mai ɗan ɗumi sau uku a mako, da hantsi idan rana ta yi ƙwari, ba da asuba ba, ba kuma da yamma ba, don ya bushe kafin sanyin dare. Ba sabulu, ba a kuma shafa masa mai kowane iri, domin mai yana manne gashi. Bayan wankan ina fito da kejin ya sha ranar safe na ɗan lokaci, gefe ɗaya a inuwa. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wadatarwa, jikinsa na bukatar rana kai tsaye kafin ya iya amfani da kalsiyam. Na kuma ɗauke shi daga kusa da murhun gawayi da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, saboda huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi kamar namu.

Kusan wata biyar na yi kafin ya yarda ya sunkuyar min da kai. Yanzu bayan wanka, kuben ya yi laushi, sai in nemi tsinken da ya yi fari tas, in kama kan tsinken tsakanin babban yatsa da manuni, in murza a hankali. Za ka ji ya ruguje kamar ɓawon gyaɗa soyayya, farin gari ya zubo maka a cinya, shi kuma ya lumshe ido ya ƙara karkato wuya. Wanda gindinsa ke da duhu ba na taɓa shi. In ya zabura ko ya juyo da baki, na san na taɓa ɗanye, sai in bari sai wani satin.

Amma akwai tsinken da abinci da wanka ba sa warkarwa. In watanni sun shuɗe gashin yana fitowa a murɗe, ko gajere mai ƙullin jini a ciki, yana faɗuwa tun bai buɗe ba, to a tafi wurin likita. A lura kuma da hodar jikinsa. Lafiyayyen aku in ka shafa shi zai bar maka farin gari a tafin hannu kamar alli, bakinsa ma yakan yi furu-furu da shi. In hodar ta ɓace, bakin ya koma baƙi wuluk mai sheƙi, wannan na daga alamun cutar baki da gashi, wadda ƙwayar bairas ke kawowa. Ba ta da magani, tana kuma yaɗuwa ta ƙurar gashi, musamman inda aka cunkushe tsuntsaye a keji ɗaya. Don haka ina kira ga likitocinmu na dabbobi su ƙara ba tsuntsayen gida muhimmanci, su riƙa shiga rediyo suna wayar da kan jama'a kamar yadda suke yi a kan kaji da tumaki.

Ga mai niyyar sayen sabo kuma, ina roƙonsa ya haƙura. Tun a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin wannan aku da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda yana neman ƙarewa, kuma da yawa suna mutuwa a hanya kafin su iso kasuwa. Waɗanda ke hannunmu kuwa suna iya kai shekara 40 zuwa 50, wani ma ya wuce. Namu ya binne wanda ya kawo shi gidan, har yanzu in aka buga ƙofa da muryar Baba yake cewa "Wane ne?"

Abokina na Fagge ya fasa feshin. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan koma da karas da ɗan bututun fesa ruwa, in nuna wa yaron gidan yadda ake gane busasshen tsinke da ɗanye.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Yakasai, Kano.