Mutanen karkara ba su san ana afil a shari'ar aure da riƙon yara ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a Jigawa, dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana akan lauyoyin da aikinsu shi ne ɗaukaka ƙara a shari'ar iyali, wato aure da saki da hul'i da riƙon yara da gado, saboda abinda na gani da idona a kan yayata.

Mijinta ya sake ta da yara biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai shekara 4, tana gama idda sai ya kai ƙara wai a bashi 'ya'yansa, aka aiko mata da sammaci, taje kotu ita kaɗai da ƙanin babanmu, zama biyu kacal akayi alƙali yace tunda bata da sana'a a miƙa yaran gidan ubansu. Ta dawo gida tana kuka, Innarmu tace kiyi haƙuri 'yar nan alƙali ya riga ya yanke, dattawan unguwa ma haka suka ce. Ni kaina da nake ganin nayi boko haka na ɗauka, wallahi kunyar wannan har yau tana damuna, domin sati uku muka zauna muna jimami bamu san kwanaki na ƙirguwa a kanmu ba.

Wani abokin aikina ne yace min kai Malam ai ana afil, wato ɗaukaka ƙara zuwa kotun sama, kuma kwana 30 ne wa'adin, in ya wuce sai an shiga neman ƙarin lokaci da takardar rantsuwa ana bayanin dalilin jinkiri, kuma kotu na iya ƙi. Shi ya haɗa ni da wata barista a Dutse wadda irin wannan shari'ar take yi.

To anan ne na ga aikin da ban taɓa sanin haka yake ba. Mu a tunaninmu lauya shi ne mai baƙar riga da zai tashi yayi ta ɗaga murya yana rikita shaidu. Ita wannan baiwar Allah da muka shiga ofis ɗinta yayata ta fara zuba labari tun daga ranar ɗaurin aure, ta saurare ta tsaf bata katse ta ba, sannan tace Yaya naji duk abinda kika faɗa kuma na tausaya miki, amma kotun sama abinda aka rubuta a littafin kotun ƙasa shi take fara dubawa, saboda haka ina kwafin shari'a? Mu ko sunansa bamu taɓa ji ba. Sai da nayi zuwa huɗu wajen rajistara kafin kwafin ya fito, yau ace mai bugawa baya nan, gobe ace alƙali bai sa hannu ba, ga kuɗin mota ga na bar 'yan ajina.

Da kwafin ya zo hannunta ta zauna da biro tana bin sa layi layi kamar mai duba allon ɗalibi, kuma abu biyu ta ciro. Na farko babu inda aka rubuta anyi wa yayata izari, wato tambayar nan da alƙali zai yi wa wanda hukunci zai hau kansa kafin ya yanke, kina da sauran magana ko wata hujja? Tace a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi rashin izari kaɗai na iya rushe hukunci. Na biyu shi ne asalin hukuncin hadana, wato riƙon yara, uwa ce ta fi cancanta da riƙo, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare, in uwar ta auri wani bare riƙon ya koma wajen kakar yaran ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba, ci da sha da tufafi da magani kuwa yana wuyan uba ko yaran suna hannun wa. Kenan maganar bata da sana'a ba ita ce zata raba ta da 'ya'yanta ba. Gaskiya Malam Edita a wurin nan hawaye ya zubo min, abinda malaman zaure ke karantarwa kullum ne fa, amma ranar da muke buƙatarsa babu wanda ya tuna mana.

Babbar kotun shari'a ta soke hukuncin, yaran suka dawo. Tsohon mijin bai yarda ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, inda alƙalai akalla uku ke zama, can ma aka tabbatar mata da riƙon. Tun daga farko zuwa ƙarshe ya ɗauke mu fiye da shekara, ba zan ɓoye wannan ba, kuma sai da na saida tumaki biyu.

Abinda nake so 'yan uwana na ƙauye su sani shi ne matakalar tana da tsawo. Daga kotun shari'a ta gari sai babbar kotun shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, a da sai an tafi Kaduna yanzu akwai reshe a Kano, ita kuma wata 3 ne wa'adin kai mata afil in hukuncin ƙarshe ne, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Kuma sanin ƙofar da za a shiga shi kansa aikin lauya ne. Barista ta gaya min mutane da yawa na asarar shekaru akan rigimar gona, domin in maganar rabon gado ce kotun afil ta shari'a na da hurumi, amma in jayayya ce ta wane ya saya wane ya mallaka to Babbar Kotun Jiha ce hanya, sai mutum yayi nasara a inda bai kamata ba daga baya a rushe komai ace babu hurumi a koma farko.

Na san akwai masu cewa kai miji ko ɗan uwa ƙara sama tonon asiri ne, wasu ma har suna ganin kamar raina alƙali ne ko ja da shari'ar Allah. Ni ban yarda ba. Alƙali mutum ne yana kuskure, shi yasa aka ajiye na sama da shi, kuma su ma na saman da littattafan fiƙihun nan suke hukunci. Sulhu yafi, wannan ba musu, ita kanta barista sai da ta nemi a zauna da dangin mijin kafin ta shigar da takarda, su suka ƙi.

Damuwata ita ce irin waɗannan lauyoyi galibi suna birane irin su Kano da Dutse, macen da ke ƙauyen Gwaram ko Maigatari ko bayan Kafin Hausa ina zata gansu, da wane kuɗi? Akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya tun 1976, akwai ƙungiyar mata lauyoyi FIDA, akwai ƙungiyar lauyoyi NBA, ina roƙonsu su riƙa fitowa ƙananan hukumomi ko da ranar kasuwa ce sau ɗaya a wata. Ina roƙon alƙalanmu, Allah ya ƙara musu adalci, in sun gama karanta hukunci su faɗa da Hausa a fili cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 kuma ga inda zai je, a kuma sauƙaƙa fitar kwafin shari'a da kuɗinsa a rubuce a jikin bango. Gidajen rediyo da limaman Juma'a su ma su taimaka. Ku kuma Malam Edita ko da rabin shafi ne ku ware, ku samo barista ya riƙa amsa tambayoyin aure da gado duk sati, ni na ɗauki alƙawarin zan riƙa karanta wa mutane a majalisarmu bayan la'asar.

Naku,
Wani malamin firamare daga karkarar Jigawa