Hawan jini ba yawan jini ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini don gyara wata magana da ta zauna a bakin jama'a a nan Kaduna, wai mai hawan jini jininsa ne ya yi masa yawa. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, kuma galibi matsalar tana ga hanyoyin da yake bi.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin mota ya ga yadda yaro ke danne bakin tiyo da babban yatsa, nan take tiyon ya yi tauri a hannunsa alhali ruwan bai ƙaru ba. Haka jiki yake. Zuciya tana tura jini cikin manyan jijiyoyi masu talewa kamar roba, su yi ta rarrabuwa har su zama ƙanana, wasu ko kaurin silin gashi ba su kai ba. Kowace ƙaramar jijiya tana da zoben tsoka da ke tsukewa ko sakewa ba da sanin mutum ba. Idan faɗinta ya ragu da rabi, jinin da zai iya wucewa yana raguwa har sau 16, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turawa. Wannan ƙarfin ne na'urar awon hawan jini ke aunawa.

A wuya da kuma babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai wuraren da ke jin ƙarfin bugun jini, su sanar da ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi. Idan ka miƙe zumbur daga tabarma ka ji jiri, jini ne ya gangara ƙafafu kafin jijiyoyin su tsuke. Ƙoda kuma aikinta a hankali yake: tana sakin sinadarin renin, wanda ke sa jijiyoyi su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa.

Shekaru, taba, ciwon suga da gishiri su ke sa jijiyoyi su yi tauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa har da dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire. Kanwa ma tana cikin lissafi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciya ga masu jego.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu ajiye magani da sun ji sauƙi. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine sassauta tsokar jijiya yake yi, lisinopril kuma yana dakatar da aikin da renin ya fara. Ba sa mayar da jijiya sabuwa, an daina sha za ta koma ta tsuke, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Idan na farkon ya kumbura maka ƙafa, ko na biyun ya sa ka busasshen tari, koma wa likita ya canja. A kuma yi hattara da diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon jiki, suna ɗaga jini.

Wajen awo, a zauna minti 5, a jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, kuma kada a ci goro ko a sha taba rabin awa kafin nan. A auna sau biyu. Wajen 120/80 lafiya lau. Idan ana samun 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ne ko da babu ciwon kai. Wanda ya kai 180/120 tare da dishi-dishin gani, ciwon ƙirji ko karkacewar baki, a wuce da shi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Kaduna