Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Shafukan Tallafi Na Bogi

Mai Girma Gwamna, Alhaji Ahmad Aliyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in kawo kuka a kan yadda 'yan damfara suke fakewa da sunan gwamnati a intanet suna yashe asusun talakawa.

A makon jiya wata maƙwabciyata da ke sayar da fura ta kawo mini wayarta hannu na rawa. An turo mata saƙo a WhatsApp mai ɗauke da tambarin gwamnati, wai ana rabon jarin sana'a ga mata, kuma wai da daren nan za a rufe rajista. Ta shiga shafin, ta rubuta lambar BVN da lambobin katinta na banki, sannan wani ya kira ta da ladabi ya nemi lambar sirrin da banki ya turo mata ta saƙon tes. Kafin a yi sallar isha'i kuɗin adashinta ya tafi. Da na duba adireshin shafin, sai na tarar bai ƙare da .gov.ng ba, alhali da haka yawancin shafukan hukumomin Najeriya suke ƙarewa, har da namu na sokotostate.gov.ng. Ita kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata wannan. Ɗan kwaɗon da ta gani a gefen adireshin ne ya kwantar mata da hankali, ba ta san ɓarayi ma suna iya sa shi a shafinsu ba.

Ranka ya daɗe, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, kuma EFCC tana da ofishi a nan Sakkwato, amma duk wannan sai bayan kuɗi ya fita yake aiki. Mun ga damfarar zuba jari ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, kuma yanzu damfarar ta bar masu neman riba ta koma kan masu neman na cefane.

Roƙona shi ne duk lokacin da gwamnati za ta ɗauki ma'aikata ko ta raba tallafi, a fara sanarwa a Rediyon Rima da Hausa da Fulatanci, a karanto adireshin gaskiya harafi-harafi, a kuma faɗa ƙarara cewa ba a biyan kuɗin fom, kuma babu jami'in gwamnati ko na banki da ke tambayar lambar sirri. A haɗa da limaman Juma'a da hakimai a ƙananan hukumomi 23, domin mutumin Illela ko Tangaza ya fi amincewa da bakin limaminsa fiye da takardar ofis. Masu POS ma a kira su a wayar musu da kai, tunda wajensu mutane suke zuwa a cike musu irin waɗannan fom.

Allah ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta, unguwar Mabera, Sakkwato